Matuƙin da ya ƙi ƙarin fasinja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan jirgin ruwa. Na san wani zai ce me ya haɗa mazaunin Kubwa da jirgin ruwa, mu da ruwanmu bai wuce na famfo da tafkin Jabi ba. To ni mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara aka yanke mini cibiya, aikin gwamnati ne ya kawo ni Abuja. Shi ya sa duk shekara in damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, da fargaba nake buɗe jaridarku, don na san ba za a rasa labarin kwale-kwalen da ya kife ba, kuma sau da yawa sunan garin da za a ambata na san shi, na san kasuwarsa, wani lokaci har da mutanensa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar tafiya ta wuni guda da muka yi a jirgin ruwa a ƙasar Tanzaniya. Wurin aiki ne ya tura mu taro a Darussalam. Da aka tashi taron muna da sauran lokaci kafin jirginmu na dawowa, sai muka yi karo-karo muka tsallaka Zanzibar a babban jirgin fasinja, tafiyar wajen awa biyu. Can muka kwana a tsohon garin da ake kira Stone Town, mai lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Garin Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, ƙamshin kanumfari a kasuwa, ba ka jin baƙunta sosai. Mai masaukinmu ya ce idan muka koma gida ba mu je tsibirin Changuu ba, ba mu zo Zanzibar ba. Shi ya haɗa mu da wani matuƙi.

Da safe muka same shi a bakin teku kusa da lambun Forodhani. Jirgin na katako ne, an yi masa rumfa da tamfol, inji ɗaya a baya, benci biyu suna fuskantar juna. Ba wani abin a zo a gani ba ne; a Yawuri akwai waɗanda suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Mu ba mu kai goma ba, kuma tun daren jiya an gama ciniki a kan shatar jirgin gaba ɗaya, kai da kawowa. Sai ga wani abokin aikinmu Bakano, mutumin da ban taɓa ganin an ci shi a ciniki ba, ya taho da wasu 'yan Najeriya da ya haɗu da su wurin karin kumallo. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ƙara su, a ɗan ƙara wa matuƙi wani abu, kuɗin kowa ya ragu.

Matuƙin bai yi musu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ɗage katakon benci, ya jawo rigunan kariya, irin masu ruwan lemo ɗin nan, ya jera su a gefen jirgi yana ƙirgawa, sannan ya juyo ya ƙirga mu da yatsa. Ya ce mutum ɗaya zai iya ƙarawa, sauran su bi jirgin ƙanensa da ke can gefe. Abokina ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, ka yi masa magana mana, kai ne ɗan ruwa. Dubi wuri nan gaba, wallahi ko buhun masara goma sai ya ɗauka." Na ce, "Malam, ai ba wuri yake ƙirgawa ba." Ya ƙara kuɗi, matuƙi ya girgiza kai yana murmushi. Ala tilas baƙin suka shiga jirgin ƙanen, abokina kuwa ya yi ta mita har muka tashi, wai mutumin bai san kasuwa ba.

Babu gada a wurin, sai ka tuɓe takalmi ka naɗe wando ka taka ruwa har gwiwa. Cikinmu akwai wata Hajiya 'yar Jos, babbar ma'aikaciya ce, wadda ta ce tunda take ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba. Yaron jirgi ya ajiye mata wani ɗan tsani, ya ɗaure mata rigar da kansa, ya ja igiyar ƙugun har sai da ta ce ya sassauta. Ana tada inji na ji ta soma "Bismillahi majreha wa mursaha", addu'ar Annabi Nuhu, muka amsa gaba ɗaya, har da matuƙin. Ita ce dai addu'ar da nake ji a bakin tsofaffinmu in za a tsallaka zuwa kasuwa.

Tafiyar ba ta wuce rabin awa ba, don tsibirin bai kai kilomita 6 daga gari ba. Amma ni ɗan kogi ban saba da irin wannan ruwa ba. Namu ja ne da damina, ba ka ganin tafin hannunka in ka tsoma shi. Wannan kuwa kore ne shar a kusa da gaɓa, ya koma shuɗi a tsakiya, kana hango ƙasa da duwatsu da ƙananan kifaye a inda bai yi zurfi ba. Na fi zuba ido a kan yaron jirgin. Yana zaune a tsakiya da jarka da aka yanke wa kai, jefi-jefi yana kwalfe ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, ba gaggawa, ba ya ko kallon abin da yake yi. Da wani babban jirgi ya wuce ya turo mana igiyar ruwa, matuƙi ya rage wuta ya juya hancin jirgi ya tare ta gaba da gaba. Jirgin ya ɗaga ya sauka, ruwa ya fantsamo, Hajiya ta ƙanƙame ƙarfen rumfa ta ce, "Alhaji, haka abin yake?" Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ya san aikinsa." Kuma da gaske nake, don na duba tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa, ta fi kamu ɗaya. A jiragen kasuwa na gida na sha ganin tazarar nan ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, tsawonsa wajen mita 800, kana iya zagaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Masu yawon buɗe ido sun fi saninsa da Tsibirin Kurkuku, kuma tarihinsa ba mai daɗi ba ne. A shekarun 1860 Sarkin Zanzibar Majid bin Sa'id ya ba wasu Larabawa shi, suka mai da shi wurin tsare bayin da suka yi taurin kai. A 1893 wani Bature, Lloyd Mathews, wanda yake babban waziri a gwamnatin Sarki, ya saye shi ya sa aka gina gidan yari. An gama ginin, amma ba a taɓa kulle fursuna ko ɗaya a ciki ba, sai aka mai da wurin na killace matafiya saboda tsoron annoba irin su shawara. Ginin na nan har yau, kana shiga kana ganin ɗakunan da kaurin bangonsu. Na daɗe a tsaye a can ina tunanin bayin nan, suna hango gari ƙiri-ƙiri amma ba halin zuwa.

Abin da ke kai mutane wurin dai kunkuru ne. Edita, duk tatsuniyar kunkuru da aka yi mana muna yara ba ta shirya ni ganin waɗannan ba. Kowane babba kamar an kifa tukunyar dafa abincin biki, ga wuya dogo mai tamoji, in ya miƙe a kan ƙafafunsa sai ya kusa kai maka cinya. Asalinsu huɗu ne, gwamnan tsibiran Seshel ya aiko da su kyauta a 1919. Suka hayayyafa, daga baya aka yi ta sace su har suka kusa ƙarewa a shekarun 1990, sannan aka kewaye su aka sa masu gadi. An rubuta wa wasu shekarunsu da fenti a ƙoƙon baya, akwai waɗanda suka haura ɗari da yawa. Ana ba ka ganye ka miƙa masa, ya zaro wuya a hankali ya karɓa, kana jin ƙarar taunarsa. In ka sosa masa wuya sai ya tsaya cak ya lumshe ido. An hana hawa bayansu, kuma na ga mai gadi ya tsawata wa wani Bature da ya gwada zaunar da ɗansa. Abokina Bakano, da ya gama fushin ciniki, shi ya fi kowa ɗaukar hoto.

Da azahar ta yi muka nemi inda za mu yi salla. Mu mutanen Najeriya jikinmu ya saba da gabas, sai matuƙi ya nuna mana arewa, don Makka tana kusan saitin Zanzibar ne ta arewa. Shi ya ja mu sallar, a kan yashi, da wandonsa a naɗe. Bayan nan ya kai mu wani tudun yashi fari fat a tsakiyar teku, wanda sai ruwa ya janye yake fitowa, in ya dawo ya shanye shi. Can aka gasa mana kifi, da wani abin teku mai hannuwa takwas da Hajiya ta rantse ba za ta kai bakinta ba, ta tsaya a kan abarba da kankana. Muna cikin hira ya ce a tashi. Muka ce ai da sauran rana. Ya nuna mana inda muka ajiye takalma ɗazu, ruwa ya riga ya kai wurin. Ya ce iska takan canja da yamma, shi kuma ba ya son la'asar sakaliya ta same shi a kan ruwa da baƙi.

A hanyar dawowa na zauna kusa da shi na tambaye shi, da ɗan Turancin da muke fahimtar juna, me ya hana shi karɓar kuɗin nan da safe. Amsarsa ba ta wa'azi ba ce. Ya ce in ya ɗauki fiye da rigunansa, kafin magariba labari ya kai kunnen mai masaukin da ke turo masa baƙi, gobe kuma wani za a tura wa. Ya ce kuma akwai masu dubawa a bakin ruwa, ba kullum ba, amma ba ka san ranar da za su zo ba. Wato ƙin da ya yi shi ne ribarsa. Wannan magana ita ta biyo ni har Abuja.

Kada a ɗauka ina cewa mutanen can sun fi mu hankali ko tsoron Allah. Su ma sun ɗanɗana. A watan Satumba na 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar, saboda lodi ya yi masa yawa, ɗaruruwan mutane suka halaka, kuma shekara ba ta cika ba wani jirgin, Skagit, ya kife a watan Yuli na 2012. Ko a ranar da muka je na hango wasu jiragen da aka cusa mutane fiye da namu. Ina kuma zargin cewa lallaɓawar da aka yi mana ta baƙo mai dala ce, ba lallai talakan garin ya samu irinta ba. Duk da haka na ga abin da nake so in gani: jirgin katako, inji ɗaya, matuƙi wanda bai yi boko mai zurfi ba, kuma an je lafiya an dawo lafiya cikin jin daɗi, ba don wata na'ura mai tsada ba.

Yanzu a dubi namu. A watan Mayu na 2021, kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse, 'yan kaɗan aka ceto. Wannan a ƙasarmu ta Yawuri ne, na je gaisuwa gidaje. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aka rasa yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 mutum sama da 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. Ranar 1 ga Oktoba 2024, a kogin Kwara kusa da Gbajibo, jirgin 'yan Mauludi mai ɗauke da wajen mutum 300, akasari mata da yara, ya kife, shi ma da dare. In ka karanta rahotannin sai ka ga abu ɗaya ake maimaitawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, ba riga ko ɗaya.

Na san matuƙanmu, wasu tare muka yi wasan ƙasa. Ba mugaye ba ne, kuma sun fi wancan na Zanzibar sanin ruwansu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har da tsohuwar Busa, aka tashi dubban mutane. Kututturan itatuwan nan suna nan a ƙarƙashin ruwa, kuma matuƙin kirki ya san inda kowanne yake da rana. Da dare fa? Ga shi kuma kuɗinsa a kan kai yake, kowane fasinja da abin da zai biya, buhu da nasa, babur da nasa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 abin ya ƙara tsanani, don in bai cika jirgi maƙil ba kuɗin mai ma ba zai fita ba. In ya ce ya isa, na gefensa zai kwashe sauran ya ci riba, shi ya tashi a tutar babu. A wurinmu mai ƙin lodi shi ke asara.

Mu fasinjoji ma da namu. Ranar kasuwa in la'asar ta yi, kowa so yake ya kwana gida, don wasu ƙauyukan ba su da wata hanya sai ruwa. Na sha ji da kunnena matuƙi na cewa jirgi ya cika, mutane na yi masa ca: "Haba Sarkin Ruwa, ka bar tsohuwa a nan ta kwana?" "Ai in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru." Wa zai iya jure wannan, a gaban surukansa da maƙwabtansa? Sai ya ce to a shigo, a gyara zama. Garin neman ƙiba a samo rama.

Dokoki kam akwai su. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. A 2023 an kafa ma'aikata sukutum don harkokin teku da ruwa, kuma muna jin ana rabon riguna a jihohi. Madalla. Sai dai na je wani mashigi bayan irin wannan rabo, na tarar da rigunan a ɗaure cikin buhu a ɗakin ajiya, wai ana jiran ranar da manya za su zo. Rigar da ke cikin buhu ba ta ceci kowa ba. Kuma ma'aikatan hukuma ba za su taɓa isa su tsaya a kowane mashigi daga Yawuri zuwa Lakwaja ba.

Waɗanda ke wurin kullum su ne Sarkin Ruwa da ƙungiyar matuƙa da mai gari. A tashar mota, duk rikicinta, 'yan ƙungiya sun san motar da ke kan layi da adadin da za ta ɗauka, kuma direba bai isa ya tsallake layi ba. Me zai hana a yi haka a bakin ruwa? A rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa, manyan lambobi yadda ko yaro zai karanta. A sa layi, ta yadda wanda ya tashi da adadinsa bai yi asara ba, don na bayansa ma iyakar abin da zai ɗauka ke nan. Rigunan su zauna a hannun ƙungiya, a miƙa maka in za ka shiga, a karɓa in ka sauka, riga ta ƙare lodi ya ƙare. Ta haka an ɗauke wa matuƙi nauyin kallon idon tsohuwa ya ce mata a'a. Na san kuɗin jirgi zai ɗan tashi, kuma talaka zai ji a jikinsa. A nan ne ya kamata ƙananan hukumomi su sa hannu, ko da a ranakun kasuwa da na Mauludi da bukukuwa ne kawai, su biya kuɗin man sawu na biyu. Bai kai abin da ake kashewa wajen zuwa jaje da ayarin motoci ba.

Akwai kuma wani ɓangaren da ke ci mini rai. Mutanen Abuja suna kwasar kuɗi su tafi Zanzibar don su shiga jirgin katako su ga tsibiri, alhali Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, tafiyar 'yan awoyi ce daga nan. Kana iya hawa dutsen Patti ka hango mahaɗar, ka sauko ka shiga jirgi ka je har wurin, in rani ne ka sauka a kan tudun yashi. A Yawuri muna da tsibiran Gungawa, muna da bikin Rigata da ake tseren kwale-kwale. Ba na rufe ido ga matsalar tsaro, musamman a dazuzzukan da ke kewaye da Kainji, kuma ba zan ce wa kowa ya kwashi iyalinsa ya tafi inda ni kaina sai na yi tambaya kafin in kama hanya ba. Amma a inda ake da kwanciyar hankali, ƙaramin ayari na mutum takwas ko goma da zai yi shatar jirgi na wuni guda zai ba matuƙi abin da ya fi na lodin kasuwa, kuma su ne irin fasinjojin da za su ce ba riga ba shiga. Matuƙin da ya sayi riguna don baƙin Asabar, ranar kasuwa ma suna cikin jirginsa.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne kada wakilanku su jira sai an yi asarar rayuka kafin su je bakin ruwa. A tura ɗaya Yawuri ko Warra ko Mokwa ranar kasuwa, lafiya lau ba abin da ya faru, ya zauna daga la'asar zuwa isha. Ya ƙirga mutanen da ke shiga kowane jirgi, ya ƙirga riguna, ya rubuta ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ya tashi, ya tambayi matuƙa nawa suke sayen mai da nawa ke rage musu, ya tambayi Sarkin Ruwa me ke hana shi tsayar da lodi. A buga mana kafin ruwa ya cika. In wakilin naku Yawuri zai nufa, a neme ni ta ofishinku, zan haɗa shi da wanda zai zagaya da shi.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Kubwa, Abuja